Asalin homon na siteroid da makarɓansu a dabbobi masu ƙashin baya

Homon na siteroid rukuni ne na sinadaran saƙo waɗanda jiki ke sarrafawa daga kolestarol, su bi jini su isa gaɓoɓi masu nisa su ba su umarni. A jikin mutum da sauran dabbobi masu ƙashin baya, su ne ke kula da balaga, haihuwa, riƙon ciki, daidaita gishiri da ruwa, da kuma yadda jiki ke jure yunwa, ciwo da firgita. Homon ba ya aiki sai ya tarar da makarɓinsa, wato wani furotin da ke cikin tantanin halitta wanda ke karɓarsa kamar yadda kuba ke karɓar mabuɗinta. Mutum yana da makarɓan siteroid guda 6. Binciken masana kimiyyar halittu ya nuna cewa dukkansu sun samo asali ne daga makarɓi guda ɗaya da ya wanzu fiye da shekaru miliyan 600 da suka wuce, kuma wasu daga cikinsu sun riga homon ɗin da suke karɓa a yau zuwa duniya. Gaiwa, kifin nan da ke binne kansa a laka a fadamun ƙasar Hausa, tana cikin dabbobin da ke da muhimmanci wajen fahimtar wannan tarihi.

Yadda jiki ke sarrafa su

Kowane siteroid yana da ginshiƙi iri ɗaya: zobba huɗu a manne da juna, waɗanda suka ƙunshi ƙwayoyin kabon 17. Kolestarol yana da kabon 27. Matakin farko shi ne wani enzayim mai suna CYP11A1 ya yanke masa wutsiya, ya mayar da shi firegnenolon mai kabon 21. Daga nan hanya take rabuwa. Ana samun furojestaron, homon ɗin riƙon ciki, mai kabon 21. Daga dangin furojestaron ƙullin da ke saman ƙoda yake yin kotisol da aldostaron. Idan aka ƙara yanke kabon 2, sai a samu homon na maza irin su testostaron, masu kabon 19. A ƙarshe enzayim ɗin aromatas yana cire kabon ɗaya daga testostaron, ya sauya siffar zoben farko, ya mayar da shi estirojin mai kabon 18.

Wannan jeri yana da muhimmanci a tarihin su. Estirojin shi ne ƙarshen hanya, kuma jiki ba zai kai gare shi ba sai ya bi ta kan sinadarai masu kabon 21 da masu kabon 19. Ko a jikin mace, daga homon na maza ake ƙera estirojin.

Makarɓa guda shida

Makarɓan siteroid reshe ne na wani babban dangin furotin da ake kira makarɓan cibiyar tantani, waɗanda mutum ke da 48 daga cikinsu. Shidan su ne makarɓan estirojin guda 2, alfa da beta, makarɓin furojestaron, makarɓin homon na maza, makarɓin kotisol, wanda ake taƙaita sunansa da GR, da makarɓin aldostaron, wato MR.

Gininsu iri ɗaya ne. Kowanne yana da aljihu inda homon ke shiga, da kuma wani sashe mai kama da yatsu biyu da sinadarin zink ke riƙe da su, wanda ke damƙe DNA. Da yake siteroid dangin mai ne, yana ratsa bangon tantani ba tare da wahala ba. Idan ya shiga aljihun, sai makarɓin ya sauya siffa, ya haɗu da ɗan'uwansa su zama biyu, su zauna a kan wani keɓaɓɓen wuri a jikin DNA, su kunna wasu ƙwayoyin gado ko su kashe su. Makarɓan estirojin suna neman jerin haruffa AGGTCA, sauran huɗun kuma AGAACA suke nema.

Tarihin gano su

Makiyaya sun daɗe da sanin aikin waɗannan sinadarai tun kafin a ba su suna. Bunsurun da aka dandaƙe yana zama taure: warinsa ya ragu, faɗansa ya kwanta, ya yi kitse. A shekarar 1849 Arnold Berthold, a birnin Göttingen na Jamus, ya cire marainan zakaru, ya ga zankonsu bai girma ba kuma ba sa cara. Da ya dasa maraina a cikin cikinsu, sai suka girma kamar sauran zakaru. Wannan ya nuna cewa saƙon ta cikin jini yake tafiya.

A 1929 Adolf Butenandt a Jamus da Edward Doisy a Amurka, kowa a nasa ɗakin bincike, suka tace estiron daga fitsarin mata masu ciki. An tace furojestaron a 1934, testostaron kuma a 1935. Edward Kendall da Tadeus Reichstein da Philip Hench sun sami kyautar Nobel a 1950 saboda aikinsu a kan kotizon da danginsa. Sylvia Simpson da James Tait suka tace aldostaron a Landan a 1953. Elwood Jensen na Jami'ar Chicago ya nuna a 1958 cewa mahaifa tana da abin da ke kama estirojin ya riƙe, wanda shi ne makarɓi na farko da aka gano. An karanta ƙwayar gadon makarɓin kotisol a 1985, ta estirojin a 1986, ta aldostaron a 1987, ta homon na maza a 1988, sannan ta estirojin beta a 1996. Da aka jera su, sai kamanninsu ya nuna ƙarara cewa 'yan gida ɗaya ne.

Makarɓi na farko

A 1970 Susumu Ohno ya kawo ra'ayin cewa sababbin ayyuka a jikin halittu suna fitowa ne idan ƙwayar gado ta ninku ta zama biyu. Ɗaya ta ci gaba da tsohon aikin, ɗayar kuma ta sami damar sauyawa ba tare da ta cutar da mai ita ba. Bincike na baya ya tabbatar da cewa a farkon tarihin masu ƙashin baya, kundin gado gaba ɗaya ya ninku har sau biyu.

A 2001 Joseph Thornton ya bincika lamfire, wani kifi mai kama da maciji wanda ba shi da muƙamuƙi, wanda zuriyarsa ta rabu da ta sauran masu ƙashin baya kimanin shekaru miliyan 500 da suka wuce. Ya tarar da makarɓa 3 a jikinsa: na estirojin, na furojestaron, da guda ɗaya na homon ɗin ƙullin ƙoda. Daga kwatanta su da na sauran dabbobi ya yanke cewa kakan dangin duka ya fi kama da makarɓin estirojin. A 2003 shi da abokan aikinsa suka yi amfani da lissafi suka ƙiyasta jerin amino asid na wannan kaka, suka ƙera shi a ɗakin bincike, suka gwada shi. Estirojin ya kunna shi, sauran homon kuwa ba su yi masa tasiri sosai ba.

Bisa wannan bayani, dabbobin farko suna yin furojestaron da dangin testostaron ne a matsayin zango kawai a kan hanyar zuwa estirojin, babu makarɓin da ke sauraronsu. Da makarɓin ya ninku, kwafi ɗaya ya sauya aljihunsa, ya daina karɓar estirojin ya koma karɓar waɗannan sinadarai na tsakiyar hanya. Da haka abin da yake zango ya zama saƙo. A 2013 ƙungiyar Thornton ta nuna cewa canjin amino asid 2 kacal a cikin aljihun ya karkatar da zaɓin makarɓin da ninki kusan 70,000.

Ninkuwar kundin gado ta kammala sauran aikin. Wannan sabon makarɓi ya rabu biyu: reshen ƙullin ƙoda da reshen haihuwa. Daga baya, a zuriyar kifaye masu muƙamuƙi, reshen ƙullin ƙoda ya haifar da GR da MR, reshen haihuwa ya haifar da makarɓin furojestaron da na homon na maza, makarɓin estirojin kuma ya zama alfa da beta. Saboda haka kifin shak yana da duka shidan, kamar mutum.

Akwai saɓani tsakanin masana a kan ainihin sinadarin da makarɓi na farko ke karɓa. Wasu na ganin wani sinadari ne dabam mai zobe irin na estirojin, daga dangin kolestarol. Dabbobi marasa ƙashin baya ma sun ƙara rikita hoton: makarɓin estirojin na dorinar ruwa da na dodon koɗin teku ba ya karɓar estirojin, a kunne yake koyaushe, alhali na wasu tsutsotsin teku yana karɓa. Ƙwari kuwa suna da nasu siteroid, ekdaison, wanda ke sa su saɓa, amma makarɓinsa daga wani reshe ne dabam. Tsirrai ma suna da siteroid, makarɓinsa kuma a bangon tantani yake, ba shi da dangantaka da na dabbobi.

Gaiwa da fitowar aldostaron

Gaiwa, wadda sunanta na kimiyya Protopterus annectens, tana rayuwa a tabkuna da fadamun Afirka ta Yamma, har da na Gulbin Sakkwato da ya ratsa Gusau, da na Rima da Haɗeja da Tafkin Chadi. Richard Owen ne ya ba ta suna a 1839, daga wadda aka kama a kogin Gambiya. Tana cikin jinsuna 6 na kifaye masu huhu da suka rage a duniya: 4 a Afirka, 1 a Kudancin Amurka, 1 a Ostareliya. Burbushin kakanninsu ya kai kimanin shekaru miliyan 400. Nazarin kundin gado, har da na gaiwa da aka wallafa a 2021, ya nuna cewa a cikin dukkan kifayen da ke raye, su ne suka fi kusanci da dabbobi masu ƙafa huɗu. Kundin gadon gaiwa yana da haruffa kusan biliyan 40, ya ninka na mutum fiye da sau 10.

Idan rani ya shigo ruwa ya janye, gaiwa tana nutsewa cikin laka, ta naɗe jikinta, ta lulluɓe kanta da majinar da ke bushewa ta zama kamar fata, ta bar 'yar kafa ta shaƙar iska. Tana iya yin watanni a haka ba ci ba sha, tana rayuwa da naman jikinta, abin da ya sa Hausawa ke cewa gaiwa jikinta take ci. Matsalarta a wannan hali ita ce matsalar kowace dabbar tudu: yadda za ta hana ruwa da gishirin jikinta ƙarewa.

Aldostaron shi ne homon ɗin da ke wannan aiki a jikin kwaɗi, ƙadangaru, tsuntsaye da masu shayarwa. Yana umartar ƙoda ta mayar da sodiyam cikin jini, ruwa ya biyo shi, ta fitar da fotasiyam. Lamfire ba shi da shi. Homon ɗin ƙullin ƙodarsa shi ne 11-diyoksikotisol. Kifin shak ba shi da shi. Tarwaɗa da karfasa da sauran danginsu ma ba su da shi, kotisol ne ke yi musu aikin biyu, na jure wahala da na daidaita gishiri. A cikin kifaye, masu huhu ne ake samun aldostaron a jininsu, tare da ƙofar sodiyam irin wadda yake sarrafawa a ƙodar dabbobin tudu. Wannan ya nuna cewa homon ɗin ya bayyana ne a zuriyar da gaiwa da masu ƙafa huɗu suka yi tarayya a kai, kafin fitowar dabbobi tudu kimanin shekaru miliyan 370 da suka wuce.

Sai dai makarɓinsa, MR, yana jikin shak da tarwaɗa, waɗanda ba su taɓa yin aldostaron ba. A 2006 Jamie Bridgham da Sean Carroll da Thornton suka ƙera kakan GR da MR, mai kimanin shekaru miliyan 450, suka tarar aldostaron yana kunna shi. Dalili shi ne aljihunsa ya dace da wani tsohon homon mai suna diyoksikotikostaron, wanda siffarsa ta yi kusa da ta aldostaron. Kubar tana nan shekaru miliyoyi kafin a ƙera mabuɗin, kuma da mabuɗin ya zo sai ya tarar ta dace da shi.

Yadda makarɓin kotisol ya keɓanta

Abin da ya sauya sosai shi ne GR, wanda ya daina sauraron aldostaron da danginsa ya keɓanta da kotisol. A 2007 Eric Ortlund da ƙungiyar Thornton suka gano cewa a cikin canje-canje 37 da suka faru a wancan zamani, guda 2 ne suka juya zaɓin: ɗaya a gurbi na 106, wanda ya lanƙwasa gefen aljihun, ɗaya a gurbi na 111, wanda ya samar da sabon mariƙi ga kotisol. Wasu ƙarin canje-canjen da suka kammala aikin sukan rusa furotin ɗin idan an sa su su kaɗai. Sun yiwu ne saboda wasu canje-canje da suka riga su, waɗanda ba su da wani tasiri a lokacin da suka faru sai ƙarfafa ginin. A 2009 aka nuna cewa ko an mayar da manyan canje-canjen yadda suke, makarɓin ba ya komawa tsohon aikinsa, mutuwa yake yi, domin wasu canje-canje na baya sun toshe hanyar komawa.

MR kuwa ya riƙe tsohon halinsa na karɓar kowa. Har yau a jikin mutum kotisol yana kama shi kamar yadda aldostaron ke yi, alhali kotisol ya fi aldostaron yawa a jini da ninki 100 zuwa 1,000. Abin da ke kare shi a ƙoda wani enzayim ne mai suna 11β-HSD2, wanda ke mayar da kotisol kotizon marar ƙarfi kafin ya isa makarɓin. An bayyana wannan a 1988. Wanda aka haifa da naƙasar wannan enzayim yana kamuwa da hawan jini tun yana yaro.

Bambanci tsakanin dabbobi

Kakannin tarwaɗa da karfasa sun sake ninka kundin gadonsu karo na uku fiye da shekaru miliyan 300 da suka wuce. Saboda haka da yawa daga cikin waɗannan kifaye suna da makarɓan estirojin 3, na kotisol 2, na homon na maza 2. Babban homon na mazansu shi ne 11-ketotestostaron. Masu kiwon karfasa a ƙasashe da dama suna sa wa 'ya'yan kifi metiltestostaron a abinci a makonnin farko domin su tashi maza, saboda namiji ya fi saurin girma.

Kwaɗi, ƙadangaru, tsuntsaye da ɓeraye sun fi dogara da kotikostaron, mutum da shanu da tumaki da awaki kuma da kotisol. A jikin kada da kunkuru da yawa, zafin ƙasar da aka binne ƙwai ne ke tantance ko ɗan zai zama namiji ko mace, kuma aromatas yana cikin abubuwan da ke isar da wannan hukunci.

A masu shayarwa, furojestaron ne ke riƙe ciki, amma inda yake fitowa ya bambanta ko a garke ɗaya. Akuya, kamar jar akuyar Sakkwato da ake kiwo a Magami da Tsafe da Bunguɗu, ta dogara da gidan ƙwanta har ta haihu. Tunkiya kuwa mabiyiya ce ke karɓar aikin bayan kimanin kwana 50. A shekarun 1960 Graham Liggins ya gano a ƙasar Niyu Zilan cewa kotisol ɗin ɗan tayi ne ke tayar da naƙudar tunkiya, kuma yana nunar da huhunsa. Daga nan aka samo allurar da ake yi wa mace mai shirin haihuwar bakwaini domin huhun jaririnta ya yi ƙwari, wadda aka gwada a 1972.

Muhimmanci ga lafiya da kiwo

Da yake makarɓan 'yan gida ɗaya ne, maganin da aka yi domin ɗaya yakan taɓa 'yan'uwansa. Sifironolakton, maganin hawan jini da kumburi mai toshe MR, yana toshe makarɓin homon na maza, har ya sa wasu maza su yi nono. Allura da ashanar tazarar haihuwa suna aiki ne ta makarɓin furojestaron.

Deksametazon da firednisolon suna kama GR da ƙarfin da ya wuce na kotisol. Suna ceton rai a asma da kumburi mai tsanani, kuma a Yunin 2020 gwajin da Jami'ar Oxford ta jagoranta ya nuna deksametazon yana rage mace-mace a masu cutar korona da ke buƙatar iskar oksijin. Amma GR yana kusan kowane tantani na jiki, saboda haka shan su domin ƙiba ko shafa man bilicin mai kilobetazol na tsawon lokaci yana kawo kumburin fuska, siririyar fata da nankarwa, ciwon suga, hawan jini, raunin ƙashi da raunin garkuwar jiki. Ƙullin saman ƙoda kuma yana daina yin nasa kotisol, ta yadda dainawa farat ɗaya kan iya jefa mutum cikin haɗarin mutuwa. A hankali ake rage su, bisa kulawar likita. A wajen dabbobi, allurar deksametazon ga saniya ko tunkiya mai tsohon ciki tana iya sa ta zubar da shi ko ta haihu kafin lokaci.

Aljihun makarɓin estirojin ya fi abin da yake karɓa faɗi, kuma bai sauya sosai ba daga kifi zuwa mutum. Wannan ya sa sinadaran masana'antu irin su DDT da bisfenol A, wanda ake sa wa a wasu robobi, ke iya shiga cikinsa. A shekarun 1990 an tarar da kifaye maza masu alamun mata a kogunan Ingila, ƙasa da wuraren da ake zubar da ruwan najasa da aka tace. A wani gwaji da aka yi a tafki guda a lardin Ontario na Kanada, wanda aka wallafa a 2007, an zuba estirojin irin na ƙwayar tazarar haihuwa, kimanin nanogiram 5 zuwa 6 a kowace lita, sai wani jinsin ƙananan kifaye ya kusa ƙarewa a cikin 'yan shekaru. Saboda wannan kamanni ne masana ke amfani da lafiyar kifaye da kwaɗi wajen auna gurɓatar ruwan da mutane da dabbobinsu ke sha.